Fuskar 'Yata a Jikin Gunkin Arziki

Kafin in fara, gara in faɗi gaskiya: ban tabbata duk abin da zan rubuta a nan haka ya faru daki-daki ba. An kwana biyu da yin abin, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin da baki sai wani abu ya sauya wuri. Akwai maganar da nake ɗauka matata ce ta faɗa, ita kuma ta ce daga bakina ta ji ta. Mutumin da ke cikin tsoro ba ya riƙe abu yadda yake, wani ya yi masa girma, wani ya ɓace masa gaba ɗaya. Ni kuwa a makonnin nan a tsorace nake. Don haka inda na ce "ina jin" ko "mai yiwuwa", iyakar abin da na sani ke nan.

Karatu ne ya kawo ni Guangzhou. Da na gama sai na zauna, na samu aiki a wani ƙaramin ofishin tura kaya a ginin Tianxiu, ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, ina raka su masana'antu, ina bin kwantena har tashar Nansha. Daga baya matata ta biyo ni da 'yarmu, muka kama gida a wani lungu na Sanyuanli, bayan kasuwannin tufafi, inda rana ba ta sauka ƙasa sai wajen azahar.

Neman wa yarinyar makaranta ya fi neman gida ba mu wuya. A waya sai a yi mana maraba, don Sinancina ba laifi, in mun je aka gan mu sai a ce "meyo", wato babu. Babu gurbi, ko babu izinin ɗaukar ɗan ƙasar waje, ko shugaba ba ta nan. Ban ce duka ƙarya suke yi ba, ƙila wasu da gaske ne. A ƙarshe wata makarantar ƙananan yara mai zaman kanta, ba nisa da mu, ta karɓe ta. Shugabar mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ita da kanta ta ce a riƙa dafa wa yarinyar ƙwai da ganye a tukunya daban, tun kafin in gama kame-kamen yadda zan roƙa. Ina so a san da wannan kafin a ji sauran. Mutanen sun yi mana kirki, kuma in wannan makarantar ta kuɓuce mana ba mu da wata.

Ana saura mako biyu a shiga hutun sabuwar shekararsu aka yi wasan yara a makarantar. An gayyaci iyaye, amma ranar ina Nansha, matata kuma ba ta jin yaren, ba ta son zama cikin taro ita kaɗai. Da yamma na dawo na tarar da yarinyar tana tsalle a kan katifa, da sauran danƙo a haɓarta. Shekararta biyar a lokacin.

"Abba, yau ni ce mai gemu," ta ce. "Duk 'yan ajinmu suka haɗa hannu suka sunkuya mini, ni kuma na ba su alewa."

"To madalla, tsoho," na ce. "Ina tawa alewar?"

Muka yi dariya, uwarta ta goge mata haɓa da ruwan ɗumi. Na ɗauka kakan wani ta fito a wasan. Ban tambayi komai ba.

Bayan kwana biyu, da safe, na kai ta makaranta. Tun daga kan kwana na hango wani abu ja a jikin bangon ƙofa, wanda da babu shi. Fosta ce ta takarda mai kauri, ta fi ni tsawo. A jikinta akwai mutum cikin jar riga mai adon zinariya, da hula mai fukafukai biyu a gefe, da baƙin gemu har ƙirji, yana riƙe da wani dunƙulen zinariya mai siffar kwale-kwale. A ƙasa an rubuta cewa makaranta ta fara ɗaukar sababbin yara, kuma tana maraba da yaran duniya. Tsakanin hular da gemun, fuskar 'yata ce tana dariya.

Na san shi. Duk wanda ya taɓa raka ɗan kasuwa masana'anta a garin nan ya san shi. Yana zaune a kan wani ɗan kanta a bayan teburin lawban, wato mai masana'antar, da jar fitila a gefensa, da lemo a faranti, da tsinken turare yana hayaƙi. Shi ne suke cewa yana kawo dukiya. Na sha tsayawa ina jira lawban ya gama sunkuya masa kafin mu fara ciniki. Mutanenmu gunkin arziki suke ce masa.

"Abba, ga ni can," in ji yarinyar, tana jan hannuna.

Ina jin na ce mata na gani. Na miƙa ta ga malamarta, na yi murmushi, na gaishe da maigadi. Sai da na sha kwana na jingina da bangon wani shagon gyaran keke.

Matata ba ta yi kuka ba da na nuna mata hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ka je ka ce su cire."

"Ba haka ake yi ba a nan."

"Yaya ake yi a nan?"

Na yi ƙoƙarin bayyana mata. Abin da na sani, ko nake zaton na sani, shi ne ba a ambaton addini a makaranta a ƙasar nan, balle a haɗa shi da ƙaramin yaro. Na ji labarai iri-iri a bakin mutane, na wanda aka kira aka yi wa tambayoyi, na wanda takardar zamansa ta zo sabuntawa aka ce ya dawo wani lokaci. Ban ga ko ɗaya da idona ba, mai yiwuwa rabinsu ƙari ne. Amma takardar zamanta da ta yarinyar a jikin tawa suke rataye. In na je na ce addinina ya hana, ban san inda maganar za ta tsaya ba. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne a ce mana bayan hutu aji ya cika. In kuma na yi shiru, fuskar 'yata za ta zauna a jikin gunki a bakin titi, a unguwar da rabin 'yan Kano da ke zuwa sarin kaya suke bi.

"To ni zan je," ta ce.

"Da wane yaren?"

Ta tashi ta shiga kicin, na ji tana wanke tukunyar da na san a wanke take.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na shiga gidan abincin da muka saba a unguwar Xiaobei. Mutum uku ne a teburinmu ranar, in ban manta ba. Akwai wani Alhaji daga Kano mai sarin takalma, dattijo, wanda nake yi wa tafinta tun ina ɗalibi. Akwai wani ɗan zangon Kumasi mai tura kaya Ghana, mutum mai yawan barkwanci. Sai wani ɗan Maraɗi mai harkar wayoyi. Ban gama zama ba Alhaji ya turo mini wayarsa a kan tebur. Fostar ce. Ya bi ta ƙofar makarantar a hanyarsa ta zuwa wajen masu takalma.

"Malam, wannan ba 'yar wajenka ba ce?"

Na ce ita ce, a wasan makaranta aka sa mata kayan har yara suka sunkuya mata, kuma ban sani ba sai da na gani, kuma ina tunanin yadda zan yi.

"Tunani," in ji Alhaji. "An sa wa 'yarka kayan gunki, yara sun yi mata ruku'u, an kafe ta a titi ana tallar makaranta da ita, kai kuma kana tunani."

Ɗan Kumasi ya ja wayar ya duba, ya yi dariya. "Kai, amma gemun ya karɓe ta. Masa, abokina, kar ka sa wa kanka hawan jini. Wasan yara ne. Ni sukul ɗin mishan na yi, kullum da safe sai mun yi waƙar coci kafin mu shiga aji. Ga ni nan, na je Makka na dawo, babu abin da ya ragu a jikina."

"Hankali ya ragu," in ji Alhaji.

"Wannan gado ne, ba sukul ba. Ka duba, Alhaji, in Kirsimeti ta zo, ko a Kano ba ka ganin tsohon nan mai jar hula da farin gemu a tallar lemo da madara? Wa ya taɓa cewa an kafirta?"

"Shi tsohon naka ana kunna masa turare? Ana ajiye masa lemo a faranti? Wannan da idona na ga mutum da digirinsa yana sunkuya masa."

Ɗan Kumasi ya karkata wajen Alhaji. Sai ya ce, "To kalandar da lawban ɗinka ya ba ka bara, wa ke jiki?"

"Na ba mai shara."

"Bayan ka karɓa ka ce shiye-shiye, kana godiya da yarensu, har da dafa ƙirji. Ina wurin."

Ɗan Maraɗi bai sa baki ba sai lokacin. Ya nuna ƙofar gidan abincin da cokalinsa. "Ku dubi allon can na waje. Da muka zo garin nan akwai rubutun Larabci a jiki, da jinjirin wata. Yanzu ina suke? An ce wannan addini ne, ba a sa shi a titi. Shi kuma mai gemu al'ada ne. Mu ma a gida haka muka taso, a ce lakwal, makarantar boko, ba ruwanta da addini, amma ranar hutu Lahadi ce. Abin mai gari shi ne al'ada, na baƙo shi ne addini. Walla ko'ina haka ne."

"Har a Kano," in ji ɗan Kumasi. "Ka tambayi Inyamurin da ɗansa ke makarantar gwamnati."

Alhaji ya ce shi ba wannan ya zo ji ba. Ya juyo gare ni. "Kai da ka yi karatun nasu, faɗa mana. Addini ne ko ba addini ba ne?"

Na ce mai yiwuwa ya danganta da wanda aka tambaya. Na ce akwai Sinawa da yawa da ba su ɗauke shi komai ba sai ado, kamar yadda ake rataya jar fitila, akwai kuma waɗanda da gaske suke roƙonsa, kuma wani lokaci mutum ɗaya ne yake yin duka biyun.

"Furofesa ke nan," in ji ɗan Kumasi. "In ka tambaye shi ko ana ruwa a waje, sai ya ce ya danganta."

Suka yi dariya, har da Alhaji. Sannan ya goge hannu. Ya ce ranar Litinin za su haɗu, shi da mutum goma ko fiye, su raka ni makarantar, a yi magana da baki ɗaya.

Na hango abin a raina: jerin baƙaƙen mutane da manyan riguna a ƙofar makarantar ƙananan yara, iyaye suna ɗaukar hoto, maigadi yana buga waya. Akwai ofishin 'yan sanda a ƙarshen layin. Na roƙe shi don Allah ya bar ni in je ni kaɗai tukuna. Na kuma roƙe shi kada ya tura hoton gida. Ya ce bai tura ba, kuma zai riƙe, amma ba zai riƙe har abada ba.

Ranar ƙarshe kafin a rufe makaranta na je. Na shirya maganganuna a hanya, duk babu kalmar addini a ciki. Shugabar ta zaunar da ni a ofishinta, ta zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofi. Na yaba wasan da ban gani ba. Na gode da abincin. Sannan na ce yarinyar tana da kunya, ƙila ganin hotonta a waje zai dame ta.

Ta yi dariya. "Kunya? Kullum sai ta tsayar da iyayen wasu ta nuna musu kanta."

Na ce danginmu a gida ba su cika son a sa hoton yaro a bainar jama'a ba. Ta ce ai danginmu ba za su bi ta layin ba. Ta ce in san cewa girmamawa ce, don iyaye da dama sun so a zaɓi nasu 'ya'yan, har wata ta yi fushi. Ita ce ta dage a ba 'yata, don kada a ce baƙuwa kullum a baya take tsayawa.

Na gaskata ta, har yanzu ma na gaskata. Shi ya sa abin ya ƙara yi mini nauyi. Maganganun da na shirya suka ƙare. Na ji bakina yana cewa, a hankali, a wajenmu wannan abin da aka sa mata kayansa abin bauta ne, kuma mu ba ma sa kayan abin bauta.

Ta ajiye butar shayin. "A makarantar nan babu addini," ta ce. "Doka ma ba ta yarda ba. Wannan al'ada ce." Sai ta dube ni ta saman gilashinta. "Kuna koya mata addini a gida ne?"

Ban san da wace niyya ta yi tambayar ba. Mai yiwuwa son sani ne kawai, irin na wadda ba ta taɓa zama da Musulmi ba. Na ɗaga kofin na kurɓa, na ce shekararta biyar ce kawai. Ba ta sake tambaya ba, ban kuma ga ta rubuta komai ba. Na kalli hannunta sosai.

Daga nan sai na ce, tunda al'ada ce, ado ne, ko za a iya sauke wannan a sa wani hoton, na yaran ajin gaba ɗaya.

Ta gyara gilashi, ta kalli ƙofa, ta rage murya. Ta ce ba a sauke shi daga ƙofa a irin wannan lokaci. Wanda ya sauke shi ana gab da shiga sabuwar shekara kamar ya kori arzikin gidan ne da hannunsa. Ta ce ita ba ta yarda da waɗannan abubuwa ba, ta yi jami'a kamar ni, amma makarantar ta surukarta ce, uwar mijinta, kuma tsohuwar ba za ta iya barci ba in aka taɓa shi. In yi haƙuri biki ya wuce, ranar da aka dawo za a sauke.

Na so in ce mata ado ba ya hana tsohuwa barci. Ban faɗa ba. Abin da na tambaya shi ne, in an sauke, yaya za a yi da shi.

"Ba a jefa shi a shara," ta ce. "Tsohuwa za ta ƙona shi a jan bokiti, ta kunna turare, ta raka shi."

Na san bokitan. Akwai su a ƙofar gidaje a lungunmu, na ƙarfe, da ramuka a jiki, tsofaffi suna tsugunawa suna jefa takardu a wuta suna motsa baki. Na ga fuskar 'yata tana nannaɗewa a ciki, hayaƙi yana tashi, ana raka ta inda ban sani ba. Na san takarda ce. Na san wuta ba za ta taɓa yarinyar ba. Duk da haka na ajiye kofin.

"Ku ba ni shi," na ce. "Kada a ƙona. Ku ba ni in tafi da shi."

Fuskarta ta sake gaba ɗaya. "Kana so ka gayyace shi gidanka?"

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce ina son hoton 'yata. Ta ce za ta yi wa tsohuwa magana, kuma tana ganin za ta ji daɗi.

Hutun nan shi ne mafi tsawo da na yi a garin. Masana'antu suka rufe, kasuwannin Sanyuanli suka ja ƙofofi, ma'aikata suka tafi garuruwansu, layukan da ba a samun wurin sa ƙafa suka zama fayau. Ba ni da aikin yi sai zagayawa ta ƙofar makarantar in duba ko fostar tana nan. Da ina fatan in zo in ga babu ita. Yanzu kuma tsorona kada in zo in ga babu ita, don hakan na nufin tsohuwa ta riga ni. Alhaji bai samu jirgi ba sai bayan biki, saboda haka yana gari, yana kirana. Ina ce masa an yi magana, an kusa.

Abin da ya fi damuna a gida ya faru. Wata rana da hantsi yarinyar ta ɗaura tawul a haɓa, ta ɗauko gwangwanin alewa, ta ce wa uwarta ta sunkuya. Uwar ta fizge tawul ɗin da ƙarfin da ban taɓa ganin ta yi mata ba. Yarinyar ta fashe da kuka tana tambayar me ta yi. Matata ta buɗe baki za ta gaya mata, na girgiza mata kai. Duk abin da aka faɗa wa yarinyar nan a gida, washegari malamarta ta ji shi, har da yadda nake minshari. In muka ce mata gunki ne, haramun ne, da bakinta za ta kai maganar aji. Sai muka ce mata tawul ɗin jiƙaƙƙe ne, zai sa mata mura. Matata ta kalle ni, irin kallon da na gwammace a zage ni da shi. Ta ce, "A gidanmu ma ba za mu iya faɗa mata ba ke nan." Ko kuma ni na faɗa. Wannan ce maganar da muke musu a kanta.

Ranar da aka koma makaranta na riƙo hannun yarinyar muka je da wuri. Fostar tana nan, ruwa ya ɗan taɓa gefenta. Tsohuwar ma tana nan, 'yar ƙarama cikin rigar sanyi mai ruwan goro, a tsaye a bakin ƙofa tare da shugabar da wasu malamai. Yaren Kanton take yi, na mutanen yankin, wanda ba na ji sai kaɗan. Ta sa maigadi ya wanke hannu kafin ya hau kujera. Ya ɓamɓaro fostar a hankali, suka naɗe ta, tsohuwar ta ɗaure da jan zare. Sannan ta juyo ta miƙo mini da hannu biyu, tana magana, tana murmushi. Shugabar ta ce tana yi mini addu'ar shekara mai albarka. Kalmar da ta yi amfani da ita ba addu'a ba ce daidai, amma ban san yadda zan faɗe ta da Hausa ba in ba haka ba.

Na karɓa da hannu biyu. A nan ba a karɓar abu daga hannun babba da hannu ɗaya, kuma na yi shekaru ina koya wa 'yan kasuwa hakan. Ina jin ma na ɗan sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ƙara mini da lemo. Malamai suka tafa, ɗaya ta ɗaga waya ta ɗauke mu hoto. Na ce shiye-shiye. Yarinyar ta saki hannuna ta ruga aji, malamarta ta tare ta ta cire mata jaka. Ba wanda ya ce aji ya cika.

Na sa fostar a hammata na bi ta lungunan baya, don kada in haɗu da wanda na sani.

A gida matata ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta danne gefunan da takalma, ta ɗauko almakashi. Niyyarta ta yanke yarinyar ta raba ta da sauran. Sai muka ga babu abin yankewa da yawa. Hula ta rufe goshi, gemu ya rufe haɓa da rabin kumatu, hannuwan suna cikin hannun riga. Abin da ya rage nata idanu ne da hanci da haƙoran sama. Ta bi gefensu da almakashi a hankali, ta fitar da abin da bai fi tafin hannu biyu ba, ta sa a cikin akwatin kayanta. Sauran muka yayyanka ƙanana. Ban yarda a zuba a sharar lungunmu ba, don tsofaffin da ke tsince kwali za su gane jar rigar. Na ɗure a baƙar leda na kai Tianxiu, na tura ƙarƙashin tarkacen kwalaye a bayan gini. Lemon kuwa mun daɗe muna kallonsa a kan tebur. Ban san ko daga farantin gaban gunki ya fito ba ko daga kasuwa. A ƙarshe na ba mai dakon kaya a ƙasan ofis.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa makarantar har ta gama. Shugabar ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai duk shekara in lokacin wasan ya zo takan aiko mini da hoton kayan da za a sa mata tun kafin ranar. Tsohuwar kuwa, in ta gan ni, takan tambaya ta bakin surukarta ko kasuwa ta buɗe tun da na kai shi gida. Ina cewa alhamdu lillahi a zuciya, a baki in ce ba laifi.

Da na ba mutanen teburinmu labari ban ɓoye maganar hannu biyu ba. Alhaji ya goge hoton a gabana, amma ya ce na karɓi gunki da ladabi a gaban jama'a, kuma in je in tambayi malamai abin da ke kaina. Ɗan Kumasi ya ce 'yata na karɓo, ba gunki ba. Ɗan Maraɗi ya tambaye ni ina hoton da malamar ta ɗauka ya tafi. Ban sani ba. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba, kuma har yau in na ga sabuwar talla a ƙofar wata makaranta sai na rage tafiya na duba fuskokin da ke jiki.

Iyakar abin da na riƙe ke nan. Waɗanda suka zauna a teburin nan ranar Juma'ar, da duk wanda ya bi ta layin ya ga fostar, in akwai inda na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ko na rage, ko tsoro ya sa na ƙara, ina roƙo a sanar da ni in gyara. Musamman ina so in san ko Alhaji ne ya yi maganar turare ko ɗan Maraɗi, don na fara shakka. In kuma akwai wanda ya taɓa ganin hoton nan na ranar da aka miƙo mini, a waya ko a bango, don Allah ya gaya mini inda ya gan shi.